Ƙorafi Kan Hukuncin Dandaƙe Sekuru, Bajimi Mai Lamba 47

Daga: Esnath Gwenhure,
Ƙauyen Gwenhure, Mazaɓa ta Tara.

Zuwa ga: Mai Girma Darakta, Dakta Farirai Mandizvidza,
Shirin Tantance Bajiman Karkara, Masvingo.

Litinin, 9 ga Oktoba, 2023.

Game da: Umarnin dandaƙe bajiminmu ranar Alhamis, 19 ga Oktoba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar ban girma, da fatan kai da na'urorinka kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni tsohuwar malamar firamare ce mai shekara saba'in da ɗaya, kuma ni ce Tete, wato 'yar'uwar uba, wadda lamuran magabatan gidan Gwenhure ke wuyanta. Takardarku ta 2 ga wata ta sanar da mu cewa ƙananan sinadaran da kuka auna a ruwan maniyyin bajiminmu sun nuna ba ya haihuwa, don haka za a dandaƙe shi kada ya ɓata wa shanun mazaɓa lokaci. Ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka:

1. Bajimin nan, baƙi mai farin goshi, shi ke ɗauke da sunan mahaifinmu marigayi. Shekara shida da suka wuce na zuba masa giyar tamba a gadon baya a gaban dangi, ya girgiza jiki, alamar tsoho ya karɓa. Tun ranar Sekuru muke kiransa, kakan gida. Ba a dukansa, ba a ɗaura masa garma, in ya faɗa gonar masara tafi ake yi masa ana ba shi haƙuri har ya ga damar fita. Duk na faɗa wa jami'inku Mista Tapfuma ranar rajista. Ya juya takardarsa gaba da baya, ya ce, "Tete, babu gurbin kakanni a fam ɗin nan, launi ne kawai da sunan mai shi."

2. A taron da kuka kira ranar 30 ga Mayu, wata baiwar Allah mai farar riga ta ɗaga wani ƙarfe kamar guntuwar taɓarya, ta yi mana bayani cikin fara'a cewa ta dubura ake zura wa bajimi shi, a jona lantarki, ruwan ya fito. Ƙanena Jairos ya raɗa mini, "Tete, uban namu za a yi wa wannan a gaban surukai?" Na miƙe na tambaya ko da wata hanya. Ta ce, "Haba Gogo," wato kaka, "dabba ce fa, ina ta san kunya?" Aka ƙara da cewa duk gidan da bai kawo bajiminsa ba, an hana shanunsa shiga ramin wankan kaska. Da wannan sassaucin aka nemi amincewarmu, muka kuwa amince.

3. A nan zan tona wa kaina asiri, ina kuma roƙon a rubuta cewa ni kaɗai ce mai laifin. Ranar Talata, 6 ga Yuni, na bar Sekuru a garke, na kora Chitima zuwa ramin wankan. Chitima san huɗarmu ne, shi ma baƙi mai farin goshi, dandaƙaƙƙe tun yana maraƙi. Wallahi na tabbata tun a ƙofar shinge za a kama ni. Ashe na raina wa ilimi hankali. Masana biyar ne a wurin, kowa da safar hannu, amma babu wanda girmansa ya bar shi ya sunkuya ya leƙa tsakanin ƙafafun baya. Mai igiyar awon maraina ya tafi layin karɓar sadza, tuwon masararmu, da nama. Aka zura wa bawan Allah Chitima ƙarfen, ya yi kukan da bai taɓa yi a ƙarƙashin garma ba, ya ba da ɗan ɗigon da ya samu. Aka rufe a kwalba, aka rubuta 47, lambar Sekuru, aka jefa a tulun sanyi mai hayaƙi, aka gode mini da haɗin kai.

4. Wata huɗu kwalbar nan ta yi tana yawo, har jirgin sama ta hau, abin da ni ban taɓa yi ba. Sakamako ya dawo da sunayen sinadarai talatin da biyu, kusan kowanne da jar kibiya tana kallon ƙasa. Ina taya ku murna, ranka ya daɗe, na'urarku ba ta yi ƙarya ba: Chitima ba ya haihuwa. Makahon ƙauyenmu, tsoho Mhike, da lalube ɗaya zai faɗa muku haka, amma shi ba shi da hatimi. Ban raina aikinku ba. Na yarda ruwan namiji yana ɗauke da labarin lafiyarsa, kuma wata rana wannan awon zai ceci garkunan talakawa. Sai dai ko gwanin karatu, in aka miƙa masa wasiƙar wani, labarin wani zai karanta.

5. Ranar 4 ga wata na je ofishinku da jerin maruƙa ashirin da uku masu farin goshi, a garkuna biyar, duk aikin Sekuru, da sa hannun masu su. Akawun ko kallon takardar bai yi ba, ya ce, "Gogo, maruƙa ba hujjar kimiyya ba ne." Shi ne kuma ya yi mini albishir cewa lamba 47 ce misalin da ya fi kowanne fitowa sarai a bincikenku, har za ku kai ta babban taro a ƙasar waje. Tausayinku ya kama ni. Gara ku ji daga bakin tsohuwa tun ana gida.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Darakta ya soke umarnin 19 ga wata a rubuce. In lallai sai an auna Sekuru, na ji akwai hanyar da ake barin bajimi ya hau saniya mai neman barbara a tari ruwan a jakar roba. Ku ba mu mako biyu mu dafa giya mu sanar da shi, sannan ku zo da wanda bayansa ke lanƙwasuwa. Hukuncin yaudara kuwa, a yanke mini shi ni kaɗai, a bar shanun gida su yi wanka.

Mahaifina ya rasu ina makarantar horon malamai, ban samu ganin gawarsa ba. Ƙofar garken nan ce kaɗai inda nake durƙusawa da safe in gaishe shi, in ji kamar an amsa. Ba zan tsaya ina kallo a kayar da shi a ɗaure ba. In har takardar sokewa ba ta iso ba, a shaida wa mai kayan dandaƙa cewa ranar Alhamis zai tarar da ni zaune a bakin garke, kuma sai ya fara da ni. Ina ba shi haƙuri tun yanzu, don ba ni da abin da zai kama. Ko da yake ma'aikatanku ba su saba dubawa ba.

Ina mai ƙanƙan da kai da jiran amsarka.

Taka mai biyayya,
Esnath Gwenhure,
Tete ta gidan Gwenhure.