Hoton Baba a Ƙofar Otal

Zuwa ga mahaifiyata Inna, a makwancinki da ke gabas da Tama.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi irin wanda kika koya mini, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin rahamar Allah. Mutanen gida duk lafiya. Damina ta yi dama-dama, geron tudu ya ƙone, na kwari ya tsira.

Na san kin tsani a kai maganar gida waje, ga shi kuma zan saka wannan a inda duk mai waya zai karanta. Ki yi haƙuri, ba ni da ɗan aiken da zai kai miki.

Inna, na je Bakin Ruwa, garin nan na ƙasar Kodebuwa da sunansa ya gagari bakinki kika raɗa masa naki. Can ne Baba ya tafi bida, neman kuɗi, ina aji uku a lakwal, makarantar boko, bai sake dawowa ba.

Kin tuna hoton da ya aiko a shekara ta biyu. Ga shi cikin baƙin kwat, agogo a hannu, ya dafa farar mota a ƙofar wani otal, itatuwan kwakwa a bayansa. Duk unguwa sai da ta zo kallo, mata suka yi ta guɗa. Da yamma kika zaunar da ni da biro da takarda, kika ce in rubuta masa: “Shi zo shi ɗauke mu, ko shi aiko mu taho.” Ni kuma na ƙara nawa a ƙasa ba tare da kin sani ba, na ce ya sayo mini keke.

Amsa ba ta zo ba. Shekaru suka yi ta wucewa, kina daka wa mutane gero ana ba ki dusa da tsaki, har ranar da wani ya ji labarin rasuwarsa a kasuwar Madawa. Ko hularsa ba a kawo mana ba. Muka yanke cewa wata mata a can ta cinye komai ita da ƴaƴanta.

Ranar da ciwonki ya yi tsanani, Gwaggo Hajo, yayarki, ta ce ki yafe wa kowa. Kika ce, “Na yahe ma kowa, ban da shi. Wanda yas samu duniya yam mance da ɗiyanai, mu gamu gaban Allah.” Ina zaune ina riƙe da ƙafarki. Ban ce ki bari ba, Inna. Daɗi ma na ji.

Saboda haka kada ki zaci zumunci ya kai ni. Na ciro hoton daga ƙasan kwallarki, inda kika kifa shi, na tafi in ga gidan, in ga matar, in ga yaran da suka hau kekena.

Kin san albashin mushe irina, malamin lakwal, ba ya kai mutum yawon buɗe ido. Da aka yi hutu sai na roƙi wani direban kamyon, babbar motar albasa, a Madawa ya ɗora ni saman buhuna. Kwana shida muna tafiya, har na koma duk inda na tsaya sai mutane su matsa don warin albasa. Guzurina garin rogo ne da ƙuli-ƙuli da ɗan dabino. Da muka isa na nemi masallacin zango, inda Hausawa suke, na roƙi limamin ya bar ni in riƙa shimfiɗa tabarma a baranda.

Teku kuwa, ban san yadda zan kwatanta miki ita ba. Ke da kika ƙare ƙuruciyarki kina jan guga, da kin ga wannan ruwa da kin yi masa faɗa, don ko akuya ba ta iya shansa. Ba ya yin shiru ko na minti ɗaya. Nasaru kuma ga su nan kwance a rairayi, kusan yadda aka haife su. Ranar nan da muke gudu tun muna goye, su jirgi suka hau suka zo su kwanta mata.

Na ga wata kujera ƙarƙashin laima babu kowa, na zauna in huta. Ban gama miƙe ƙafa ba wani ya zo ya ce zaman ma na haya ne. Na tashi ina kakkaɓe riga kamar dama tafiya zan yi. Ruwan sha na kwalba a wurin ya fi tiyar gero tsada. Na koma gindin wani kwale-kwale da aka kife, na jiƙa garina da ruwan da na ɗebo a masallaci, ina ci ina kallon masu cin kifi da cokula biyu.

Otal ɗin ban sha wahalar gano shi ba. An sake masa fenti, amma ƙofar tana nan yadda take. Na nuna wa mai gadi hoton, na ce ina neman iyalin wannan alhajin. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce in je zango in tambayi tsoho Nomau mai shayi, shi ya fi kowa daɗewa a garin.

Nomau mutumin Ibohaman ne, gashinsa fari fat, amma bakinsa na Adar bai gauraya ba. Ya karɓi hoton ya kai kusa da ido, ya tuntsure da dariya. Da na ce ni ɗan mai hoton ne, sai dariyar ta tsaya. Ya shiga rumfarsa ya fito da wata tsohuwar ambulan, ya miƙo mini.

Hoto ne, Inna. Ƙofar nan ce, motar nan ce, kwat ɗin nan ne, har agogon. Sai dai wanda ke ciki Nomau ne.

Ya ce, “Kwat na mai hoto na. Agogon ma nashi na, ko tahiya bai yi. Mota ta wani Nasara ta, muna jira shi shiga wanka mu dahwa ta. Kowa yay yi irinai, don hankalin na gida shi kwanta.”

Aikin Baba shara ce. Kullum da sassafe shi ke bin rairayin da manjagara, yana kwashe ciyawar teku da kwalabe kafin baƙi su fito. Bai taɓa shiga ɗakin otal ɗin ba. Ba shi da mata, ba shi da ɗa in ba mu ba. A wata bukkar ganyen kwakwa yake kwana, bayan madafar otal ɗin.

Takardarmu ta isa hannunsa. Nomau ya ce da aka karanta masa, wuni biyu bai ci abinci ba, yana ta cewa, “In nac ce musu ƙarya ta, da wane ido za ni duban Tama?” Sai ya ƙudura ba zai amsa ba, ba kuma zai dawo ba, sai ya haɗa akwatin da zai yi kama da hoton ko da kaɗan ne: atamfa gare ki, keke gare ni. Sau ɗaya akwatin ya kai rabi, tari ya kama shi, aka sayar da kayan aka sayi magani. Tarin bai sake shi ba har ya kai shi ƙasa.

Na tambayi Nomau me ya hana su faɗa mana. Ya ce ƴan bida ba sa tona wa juna asiri a gida. Na so in zage shi, wallahi. Asirin da suka rufa shi ya sa kika mutu da dutse a ƙirji. Amma tsoho ne, kuma shi ya yi wa Baba wanka, shi ya yanka masa likkafani. Na kama hannunsa na yi godiya.

Na ce ya kai ni kabarin. Muka bi gaɓa har muka wuce otal-otal, muka kai inda babu kujeru babu laima. Ya tsaya ya nuna mini cikin ruwa, can gaba da inda igiyar ruwa ke fashewa. Ya ce nan maƙabartar baƙi take a da. Teku ta yi ta cin ƙasa shekara da shekaru, har ta haɗa da su.

Babu tudun da zan dafa, babu inda zan yayyafa ruwa. Na tsaya a rairayi da silifas a hannu na karanta abin da na iya. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da muka rufe ki. Kunya nake ji, Inna, ta layi ɗayan nan da na ƙara a ƙasan takarda, da kuma shirun da na yi a gefen gadonki.

Ni na yafe masa, in ma akwai abin yafewa, kuma na roƙe shi ya yafe mini. Saura ke. Ban sani ba ko ana janye magana a inda kike. Na tambayi malamai biyu, kowanne ya ce in yi ta addu'a da sadaka, kuma ina yi. Amma ke na fi so ki ji daga bakina: bai samu duniya ba, kuma bai manta da mu ba.

Allah ya jiƙanki, ya jiƙansa. Allah ya yalwata miki kabarinki, shi kuma ya sanyaya masa inda ruwa ya kai shi. Allah ya cire abin da ke tsakaninku tun kafin ranar tsayuwa, ya haɗa ku a inuwa ɗaya. Amin.

Idan kun haɗu, don Allah ki fara yi masa magana. Kin san shi, ba zai iya farawa ba.

Ni ne ɗanki mai kewarki,
Sule