Fitilar da Na Rufe da Salatif

Litinin, 1 ga Satumba

An kawo motar ƙanena Auta yau da hantsi, a bayan motar ja. Mai gyaran jikin mota ya yi aikinsa, ba ƙarya. Jan fentin nan sai sheƙi yake, ka rantse ba ita ce ta daki shingen titi wata takwas da suka wuce ba. Matar Auta ce ta biyo ta da makulli. Ta ce komai ya kammala, saura fitilar taya da ke allon gaban direba, ta ƙi mutuwa. Wai kuma Auta ya ce kada kowa ya taɓa sai Yaya, wato ni.

Na ce to. Me zan ce?

Mai walda da ke jikin shagona ya leƙo, ya zagaya ta, ya ce wannan mota ce ko faranti, ta ina mai tumbi irinsa zai shiga. An yi dariya. Kujera biyu ce da ita, cikinta ya kusa shafar ƙasa. Jak ɗina na ɗaga mota ma ya ƙi shiga ƙarƙashinta sai da na hau da ita kan katako.

Talata, 2 ga Satumba

Ban taɓa ta ba. Na lulluɓe ta da tamfol.

Laraba, 3 ga Satumba

Na biya gidan Auta bayan na tashi aiki. Kamar kullum, na tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa, na ce ya jiki, ya ce da sauƙi, na ce Allah ya ƙara. Shi ke nan hirar. Inna tana zaune a gefen gado tana matsa masa ƙafar da ba ya ji. Daga ƙirji zuwa ƙasa ba abin da ke motsi.

Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, na ba shi shekara goma sha huɗu. A kafaɗata ya koyi sunayen motoci. Yau ga shi ba na iya taka ƙafata cikin ɗakinsa. Cewa nake kayana duk baƙin mai ne, kada in ɓata musu shimfiɗa.

Inna ta rako ni tsakar gida tana ta maganar da ta saba. Gudu ne, ta sha gaya masa, yaron nan ba ya jin magana. Na bar ta a kan hakan, kamar yadda na yi wata takwas.

Alhamis, 4 ga Satumba

Na buɗe ta. Ƙamshin turarensa yana nan a kujera.

Mai gyaran jiki ya ɓare salatif ɗin da ke kan gilashin allo, amma gam ɗin ya bar shaida, ɗan tabo daidai faɗin babban yatsana. Ni na manna shi. Gara in rubuta a nan, tunda ba mai karantawa.

Kwana uku kafin abin ya faru, Auta ya shigo da ita yana cewa Yaya, fitilar taya ta kama. Motoci biyar ke jirana ranar. Na zagaya, na duba tayoyin da ido, na danna kowace da yatsa, na shuri ɗaya da ƙafa. Duk a tsaye suke ƙyam. Na ce masa sansa ce ta mutu, wato ɗan abin nan da ke cikin taya a gindin bawul ɗin da ake ba ta iska ta cikinsa, mai gaya wa mota yawan iska. Batirinta a rufe yake, ba a canjawa, in ta shekara bakwai ko takwas sai ta mace. Na ce ya dawo wani satin. Ya ce hasken yana damun idonsa. Na yanko baƙin salatif na rufe masa, har da tsokana, na ce ga maganin ciwon ido kyauta.

Ma'aunin iska yana aljihun rigata lokacin. Ban ciro shi ba.

Juma'a, 5 ga Satumba

Na jona na'urar duba mota. So nake ta nuna min cewa sansa ta mutu tun kafin ranar, in samu in yi numfashi.

Biyu sun mutu, na gaba, amma bayan hatsarin, a zaman da motar ta yi. Ta baya ta hagu ta farfashe tare da wilinta. Sai na koma baya cikin abin da motar ta adana. Gargaɗi ɗaya ne kafin hatsarin: iska ta yi ƙasa, tayar baya ta hagu. Kilomita ɗari biyu da sha biyu tsakaninsa da inda lambar ƙirgen tafiyar motar ta tsaya.

Ba sansar da ta mutu ranar. Gaskiya fitilar take faɗi.

Na cire na'urar na sake jonawa har sau uku. Mai walda ya kawo min shayi, ya ce yau fuskarka ba kyau. Na ce kaina ke ciwo.

Asabar, 6 ga Satumba

Na je wurin mai gyaran jiki na ce ya nuna min tsohuwar tayar. Tana bayan shago cikin tarkace, a yayyage. Na juya ta. Ga ƙusa nan ta ɓangaren ciki, kanta ya goge har yana ƙyalli.

Shekara talatin ina wannan sana'a. Tayar motar haya ko ta ɗaukar kaya, daga nesa nake gane wadda ta sace, har ina fahariya da haka. Amma irin waɗannan siraran, gefensu gajere ne kuma da tauri, ko rabin iskar ta fita ba sa kwanciya. Na san wannan. Ni nake gaya wa masu motoci. Ranar dai raina na'ura na yi, na fi yarda da yatsana. Faci ne na minti goma.

Lahadi, 7 ga Satumba

Na gaya wa matata. Tana ninke kaya, sai ta zauna da rigar a hannu. Sannan ta ce, to yanzu in ka faɗa masa, ƙafarsa za ta dawo? Ta ce in tuna da Inna da hawan jininta. In goge abin a na'ura, in sa sababbi, in mayar musu da mota.

Gogewar danna maɓalli ɗaya ce. Na sani sarai.

Ban ci abinci ba. Ta ɗauke kwanon.

Litinin, 8 ga Satumba

Sababbin sansa sun iso, guda huɗu. In biyu sun mutu sauran ma suna hanya, ba amfanin buɗe taya sau biyu.

Talata, 9 ga Satumba

Na yi aikin a hankali, yadda ban taɓa yi wa kowa ba. Na sace iska, na ɓanɓare bakin tayar daga wili ta nesa da bawul, don kada ƙarfen ya murƙushe sansa. Sabuwar roba, sabon noti, na ɗaure daidai gwargwado, in ya wuce sai ya tsage. Na ba kowace iska, na auna, na sake aunawa. Na shafa ruwan sabulu a bakin bawul ina jiran kumfa, babu.

Tabon gam ɗin na sa fetur a tsumma na goge. Ya fita nan take, har abin ya ba ni haushi.

Fitilar tana nan tukuna. Sai an tuƙa motar kamar minti ashirin ba tsayawa, a gudu mai ɗan dama, sannan za ta san sababbin. A cikin gari ba zai yiwu ba. Titi ɗaya ne nan kusa da ake samun wannan sararin, kuma a kansa abin ya faru.

Laraba, 10 ga Satumba

Na fita da ita da safe. Kujerar tana yadda ya bar ta, ya fi ni tsawo, da ƙyar ƙafata ta kai. Ban matso da ita ba.

Mota ce mai biyayya, in ka taɓa kaɗan sai ta amsa. Na gane abin da yake so a jikinta, ni da na yi shekaru ina ce masa wasan yara ne. An canja shingen wurin, sabon ƙarfe fari a tsakiyar tsofaffi. Ina wuce shi da kaɗan fitilar ta mutu.

Na sauka gefen titi na kashe inji. Na yi kuka, irin wanda ban yi ba ko a asibiti. Wani mai babur ya tsaya ya ce ko mota ce ta lalace. Na ce a'a, lafiyarta lau.

Ban goge komai ba. Na ɗauki hoton abin da na'ura ta nuna a wayata.

Alhamis, 11 ga Satumba

Na kai motar, na jira Inna ta fita. Na shiga ɗakin har bakin gado. Auta ya dube ni, ya dubi takalmina, ya ce yau kuma lafiya?

Ban tuna yadda na jera maganar ba. Na ce masa sansa ba ta mutu ba. Na ce ƙusa ce. Na ce ma'auni yana aljihuna. Na miƙa masa wayar, ya daɗe yana kallo, yana ƙara girman hoton da yatsa.

Ya ce, "Ɗari biyu da sha biyu."

Na ce e.

Ya ce, "Da kai na yarda, Yaya. Ko likita ban yarda da shi haka ba."

Sai kuma ya ce duk watannin nan ya ɗauka ƙyamarsa nake, shi ya sa ba na shigowa, shi ya sa ya aiko min da motar ko zan zo. Wannan ta fi komai yi min zafi. Na buɗe baki in nemi gafara, ya kau da kai wajen bango. "Je ka," in ji shi.

Juma'a, 12 ga Satumba

Shiru.

Lahadi, 14 ga Satumba

Inna ta kira tana tambayar me ya haɗa mu, yaro ya ƙi cin abinci. Ashe bai gaya mata ba. Na ce ni zan zo in gaya mata da bakina. Na je. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Cewa kawai ta yi, ashe wata takwas tana ɗora wa ɗanta laifin da ba nasa ba.

Laraba, 17 ga Satumba

Matar Auta ta kira tun kafin in buɗe shago. Bayanta ya riƙe, ba ta iya ɗaga shi zuwa wanka, kuma ya ƙi yarda a kira kowa. Wai a kira wancan. Haka ya ce, wancan.

Na je da kayan aikina a jiki. Na sa hannu ɗaya a bayansa, ɗaya ƙarƙashin gwiwoyinsa. Ya rame ƙwarai, ban sani ba, daga bakin ƙofa bargo kawai nake gani. Ya saƙalo hannunsa a wuyana, bakinsa daidai kunnena.

"Ban yafe ba tukuna," ya ce. "Riƙe ni da kyau."

Na riƙe shi.

Ba wani abu ba ne, wanka ne kawai. Na dai rubuta a ƙofar shago cewa daga gobe sai ƙarfe tara zan riƙa buɗewa. Kafin nan ina wurinsa.