Shuɗin dutsena yana Sheme

Litinin, 5 ga Yuni 2023
Na jera duwatsun tagullata a sabon ɗaki nan Ƙanƙara. Koraye duk sun iso. Shuɗin babu. Shi ne wanda na samo hannun wani mai haƙar ma'adinai a kasuwar Sabuwa, shuɗi kamar an tsamo shi daga marina, ban ƙara ganin irinsa ba. Da muka gudo saboda 'yan bindiga, wajen Yaya Audi na bar shi a Sheme. Amana fa!

Alhamis, 8 ga Yuni
Na kira Yaya. Wai "yana nan inda ya dace." Inda ya dace! Aljihun wani dillali ke nan. Tun muna yara duwatsuna shirme ne a wurinsa.

Juma'a, 9 ga Yuni
Matata Suwaibatu ta ce, Malam, a kan dutse za ka ɓata da ɗan'uwanka? Ita ma dutse kawai take ce masa. Ban ci tuwonta ba.

Juma'a, 16 ga Yuni
An ce hanya ta yi sauƙi. Gobe Sheme. Bara da Inna ta rasu hanyar nan a rufe take, a waya na ji an rufe uwata. Wanda ya samu ya yi mata sutura shi ne yau zai cuce ni.

Asabar, 17 ga Yuni
Ko ruwa ban sha ba na ce ina kayana. Yaya ya sa takalmi, na bi shi har maƙabarta. Sabbin kaburbura rututu, duk iri ɗaya. Can ƙarshe ga shuɗin dutsena, rabi a ƙasa, daidai kan Inna.
Ya ce, "Makon da ta rasu mutum nawa muka rufe, Salihu. Na ce in ka zo kada ka yi ta nema."
Rana ta fara cin launinsa, gefe ya ɓantare. Raina ya ɓaci ƙwarai. Duk duwatsun garin nan!

Lahadi, 2 ga Yuli
Na koma da buhu da wani farin dutse na musanya. Na yi addu'a, na cire ciyawa. Ruwan jiya ya wanke shuɗin tas, tun daga bakin hanya na gane wurin.
Farin na ba Yaya ya tokare ƙofa. Ba wai na haƙura ba ne. Ƙasar ce da danshi, ba a taɓa kabari a haka.