Mijina Ya Gaida Maƙwabci da Hannu Biyu

Ya ke Borghild mai filin shawara, ki taimake ni, don maganar ta kai ni inda ban iya kwana da ita. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, duk na yi musu tarbiyya, babu wanda ya taɓa shiga gidan mutane da takalmi a ƙafa. Ban taɓa zaton abin kunya zai fito daga mahaifinsu ba.

Muna zaune a wani ƙauye a kwarin Valdres. Bara mijina Torleif ya sayi motar lantarki kamar kowa, ban hana shi ba. Sai autanmu Sindre, wanda zaman Oslo ya ɓata, ya zo hutu. Yana zaune a kicin ɗina, yana cin wainata da jan cuku, ya latsa wayarsa ya buɗe wa motar wata manhaja ta gwajin wata guda kyauta. Wai yanzu motar za ta riƙe layinta, ta rage gudu idan ta cim ma wata, har ta yi fakin da kanta. Idan watan ya ƙare sai a biya, ko duk wata ko gaba ɗaya. Na ce masa, "Wato mun sayi mota, hankalinta kuma haya za a ba mu?" Ya ce, "Haba Mama, zamani ne." Ni a zamaninmu idan ka sayi saniya, da nononta kake tafiya gida.

Kin san yadda ake gaisuwa a hanyoyinmu. Idan ka haɗu da maƙwabci, yatsa ɗaya kake ɗagawa daga kan sitiyari. Fasto ko suruki, yatsa biyu. Hannu gaba ɗaya kuwa sai in gobara ta tashi. To, ranar farko muna hanyar kanti muka haɗu da maƙwabcinmu Halvard a kan tarakta. Torleif, mutumin da ya haura sittin, ya saki sitiyari ya ɗaga masa hannu biyu, yana washe baki. Halvard ya juya tarakta a tsakiyar titi ya biyo mu har bakin kanti, ya diro yana haki yana cewa, "Wa ya mutu?" Torleif ya ce, "Babu kowa, malam, mota ce ke jan kanta." Halvard ya daɗe yana kallonsa, sannan ya matso yana shinshina bakinsa. A gaban mai kanti aka yi wannan.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da ya saki sitiyarin, motar ta yi ƙara ta rubuta masa a allo cewa ya mayar da hannunsa. Nan take ya mayar, har da cewa, "Na gode." Borghild, tun kafin a haifi ɗanmu na fari nake gaya wa mutumin nan wannan magana. Ni ke ce masa ya rage gudu, ni ke hango tumakin da ke kwance a kan kwalta, ni ke cewa ga kwana nan. Ladan da nake samu shi ne ya ƙara ƙarar rediyo. Yau ga allo ya yi masa tsawa, ya bi kamar ɗan firamare.

Duk wannan na haɗiye. Sai ranar Lahadi. Filin cocinmu ba shi da layi ko lamba, amma kowane gida ya san wurinsa tun lokacin da ake ɗaure dawaki a wajen. Namu yana can gefen katanga. Torleif ya ce bari jama'a su ga abin mamaki, ya latsa, ya naɗe hannu. Motar ta yi gaba, ta yi baya, ta shige tsaf a gindin bishiyar bakin ƙofa, wurin tsohuwa Magnhild mai kaɗa mana molo a coci, wadda ba a taɓa tsaya mata a wuri ba tun rasuwar mijinta. Na ce, "Torleif, fitar da mu daga nan." Ya ce, "Ba ni na zaɓa ba, motar ce, ita ta ga dama." Magnhild ta iso, ta tsaya da motarta a bayanmu ba ta kashe ba. A cikin coci ta kaɗa duk waƙoƙin da gudun da babu wanda ya iya binta. Har yau idan mun haɗu, yatsan ma ba ta ɗagawa.

Da muka koma gida na tara shi da yaran ta waya, na ce idan aka biya kuɗin wannan abu, ƙafata ba za ta sake taka motar ba. Ni kuwa ban taɓa yin magana na janye ba, yarana shaida ne. Ga shi gwajin ya kusa ƙarewa, Torleif ya kafe sai ya biya. Ƙarshen wata kuma za a yi bikin tabbatar da jikata Oddny cikin addini a cocinsu da ke Bergen, sai an tsallake duwatsu. Ni na ɗinka mata kayan gargajiyar da za ta sa. Idan na cika maganata, sai in hau bas ni kaɗai da kayan a cinya, dangin surukai su ga mun iso daban-daban kamar waɗanda aurensu ya mutu. Idan na janye, na koya wa jikoki cewa magana ba komai ba ce. Ki gaya mini gaskiya, abin nan ya cancanci kuɗinsa, ko dai lalaci ne aka yi wa farashi?

Uwa mai kujerar dama

Amsa

'Yar'uwa, na karanta wasiƙarki, kuma sai da na ajiye kofina da na kai kan Halvard. Bari mu fara da motar.

Irin wannan manhaja tana da amfani ga mai doguwar tafiya a babban titi mai layi fes, ko mai shan cunkoso safe da yamma, kamar Sindre. Tana rage gajiya, ba ƙarya ba ne. Amma a kwarinku, inda rabin shekara dusar ƙanƙara ke rufe layin titi, laka ta toshe idon kamara, tunkiya kuma ta ɗauki kwalta katifarta, sau da yawa za ta miƙa wa direba aikinsa ta yi shiru. Mataimakiya ce kawai. Duk abin da ya faru, wanda ke bayan sitiyari za a tambaya, kuma ki gaya wa Torleif cewa "ita ta ga dama" ba ta karɓuwa wajen ɗan sanda, balle wajen Magnhild. Saboda haka kada ku biya gaba ɗaya. Kafin ma a biya ko na wata guda, Sindre ya tambayi dillali abin da ke cikin motar tun asali, don birkin gaggawa yawanci da shi take zuwa, ya kuma tambaya ko abin zai bi motar idan kun sayar.

Sakin sitiyari ba wasa ba ne, a nan kina da gaskiya ɗari bisa ɗari. Fakin kuwa a kashe shi a duk inda mutane suka san juna. Torleif ya je gidan Magnhild da ƙafarsa ya ba ta haƙuri, kada ya aiki kowa.

Yanzu ke. Kin tambaye ni farashi, amma abin da ke cin ki shi ne "na gode" ɗin nan. Ina ganin mijinki yana bin allon ne don sau ɗaya yake magana, kuma ba ya tuna masa ramin da ya faɗa shekarun baya. Kuma ki yi tunani: namijin da ya haura sittin yana murnar samun mai taya shi a hanya, wataƙila duwatsun nan sun fara yi masa nauyi, bai san yadda zai faɗa miki ba. Ki tambaye shi, a gida, ba a mota ba.

Game da rantsuwarki, jikoki ba za su lalace don sun ga kakarsu ta sake tunani ba. Oddny ba za ta tuna wa ya yi nasara ba, za ta tuna ko kun shigo tare. Ga shawarata. Ku biya na wata ɗaya saboda tafiyar Bergen, da sharaɗi guda: ke za ki tuƙa. Na san matan kwarinku, babu wadda ba ta da lasisi a jaka. Torleif ya koma dama ya riƙe kayan yarinya a cinya. Idan kuka sauka kina jin abin ya sauƙaƙa miki, ku riƙa kunna shi lokacin doguwar tafiya. Idan kuma kin iso kina jin kamar ki jefa allon a teku don yawan gyaran da ya yi miki, ku bar shi ya ƙare, ki kuma sayi wa mijinki kofi mai kyau a hanyar dawowa, domin shekara da shekaru ke nan yana haƙuri da irin wannan gyaran daga bakinki.

Allah ya kai ku lafiya a mota ɗaya, ya raya Oddny.

Borghild