Rautar Injiniya

Zuwa ga Maman Gimbiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya karatu, yaya marasa lafiya, yaya kuma kewar gida, in dai kina yi? Gimbiya lafiyarta ƙalau, sai ƙarin wayo da surutu. Goggonta na gaishe ki, ita ke riƙe ta kullum har in taso daga shago.

Direban da ke kai muku magunguna ya kawo mini takardarki, na karanta ta har ta fara yagewa a wajen ninki. Allah ya isa tsakanina da wanda ya gina asibitin koyarwa a cikin kwarin da waya ba ta kamawa. Ba don waifai ɗin ofis, wato intanet ɗin da suke buɗe muku ranar Asabar da safe ba, da ban san yadda zan yi da yarinyar nan ba. Ba ta san Litinin ba, ba ta san Talata ba, amma Asabar ta san ta. Tun asuba take tashina wai in kunna Mama.

Abu ɗaya ne a takardar ya tsaya mini a rai. Kin ce in kwamfuta ta ba da matsala in kira Injiniya, har da jan layi a ƙarƙashi. Kika kuma rubuto lambarsa tsaf, babu gogewa ko ɗaya, wato da ka kika rubuta ta. Ni tawa lambar na san sai kin duba waya. Ban manta ba, ɗan ajin nan naku ya riga ni neman aurenki, kuma na san ana cewa da tsohuwar zuma ake magani. Tun ranar da ya zo ya kafa mana rautar nan, na'urar da ke kawo waifai, a bangon falo kafin ki tafi, duk shigowar da zan yi sai na ga fitilunta suna ƙyafta mini ido. An ce kishi kumallon mata, to ki zo ki ga na mai walda.

To albishirinki. Kwamfutar ta ba da matsalar, kuma ban kira kowa ba. Ranar Laraba na danna ta, sai ta hau kuka ƙit-ƙit-ƙit, allo baƙi ƙirin, fankar ciki na gurnani kamar tsohon janareta. Na fara duba wayoyin baya, kowace na zaune daram. Sai na kwance murfin gefe. Maman Gimbiya, ƙurar da na tarar ta isa a cika matashi. Na ɗauke ta zuwa shago na hure ta da kwamfiresa, na danne fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Nan na ga siririn allon nan kore da suke kira ram ya ɗaga ta gefe guda. Na zare shi, na goge haƙoransa da magogin fensir, na mayar na danna har ya ce ƙas. Na taɓa ganin mutuminki yana yin haka, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ina kunnawa ta tashi sumul, babu kuka babu gurnani.

Ban tsaya nan ba. 'Yarki ta koyi taka kujera tana jan eriyoyin nan masu kama da ƙahonni na rautar. Saboda haka na yanko fallen ƙarfe mai kauri na haɗa mata akwati, da ƙofa da kwaɗo, na shafe shi da shuɗin fenti irin wanda kike so. Na kwantar da ƙahonnin a ciki, na bar 'yar huda ta leƙa fitilu. Yanzu duk wanda ya shigo falonmu aikin mijinki zai gani a bango, ba na wani ba.

Ki kula mini da kanki. Sai mun gan ki ranar Asabar.

Naki har kullum,
Baban Gimbiya

*

Zuwa ga Maman Gimbiya,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya. Mu dai jiki lafiya, sauran kuwa sai a hankali.

Na san ranki a ɓace yake. Asabar biyu ke nan kina zaune a ofis kina kira ba a ɗauka. Wallahi muna gaban kwamfutar. Asabar ta farko Gimbiya ta sa rigarta mai malam-buɗe-littafi, Goggo ta kama mata gashi, ta riƙo zanen da ta yi miki. Kwamfuta ta tashi, kyamara ta kawo, amma alamar waifai da ke kusurwar allo sai ta nuna sanda ɗaya ta ɓace, ta sake nunawa ta sake ɓacewa. Na leƙa ta hudar akwatin, fitilun rautar kore shar. Na kashe daga soket na jira na kunna, shiru. Na kira kamfanin intanet da 'yar wayata rakani-kashi, wata yarinya mai zaƙin murya ta ce daga wajensu layinmu lafiya lau yake. Kafin in gama da ita lokacinku ya ƙare.

Tsakiyar mako na buɗe akwatin na zauna wa rautar. Na soka allura a 'yar ƙofar bayanta na mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, na kwafo kalmar sirrin da ke manne a ƙarƙashinta na shigar. Sai ga sanduna sun cika maƙil. Na yi hamdala, na rufe na datse kwaɗo na tafi shago ina fito. Ranar Asabar kuma 'yar gidan jiya. Na laluba makulli, ashe yana aljihun rigar aiki a shago. Na tafi da gudu na dawo da gudu, na tarar da Gimbiya ta yi barci a kan kujera da zanen a hannu.

Har ɗan abin kama sigina na sayo, irin wanda ake sokawa a jikin kwamfuta, ko na cikinta ne ya mutu. Bai canja komai ba. Kuma na lura da wani abu. Muddin ina tsaye a kanta ina aiki, rautar nan lafiyarta ƙalau. Da na tattara kayana na juya baya sai ta ɗauke wuta. Ruwa ba ya tsami banza. Ki gaya mini gaskiya, masu wannan sana'a ba sa ɗan kwance wani abu a ciki don a riƙa nemansu? Na san masu gyaran mota da ke yi. Mutum ya kafa abu a gidan wani, matar gidan ta haddace lambarsa, abin kuma ya ƙi jin maganar maigida. Ke ma in ke ce ai za ki yi tunani.

Goggo ta sa ni gaba da faɗa, wai ko in kira shi ko in ari babbar waya a maƙwabta. Na ce mata ban mutu ba ban lalace ba da zan je ina roƙon waya don matata ta ga 'yarta. Shi kuwa Injiniya, ƙafarsa ba za ta taka falon nan ba alhali kina can. Na fi so ki dawo ki ji an ce mijinki ne ya gyara.

Gimbiya ta dame ni da tambaya, ina Mama, ina Mama. Na ce mata matsalar daga wajenku ce, aiki ne ya yi miki yawa ba ki samu kira ba. Da haka na samu ta yi shiru. Kwana biyun nan ma ta daina tambaya, kin ga an samu sauƙi.

Ban ga amsar takardata ta farko ba, direba ya ce ba ki ba shi komai ba. Ko layi biyu ne ki rubuto, ko da zagi ne.

Mijinki mai kewarki,
Baban Gimbiya

*

Zuwa ga Maman Gimbiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma tambayar lafiyarki, ko da yake na ga idanunki jiya a allo, na san amsar.

Bari in fara da Juma'a. Da yamma ina wanke hannu aka yi sallama, na fito sai ga Injiniya da 'yar jakarsa. Ya ce kin tura masa saƙo tun Asabar ɗin da ta wuce, kin ce don Allah ya leƙo ya ga ko lafiya, aiki ne ya hana shi zuwa da wuri. Ni ban samu layi biyu ba, shi ya samu saƙo. Na san za ki ce shi ne mai babbar waya, ni tawa ba ta karɓar irin wannan saƙon. Na san haka, amma sanin bai hana zuciyata tafasa ba. Na so in ce masa mun gode, an riga an gyara. Goggo ce ta leƙo ta bayana ta ce masa bismillah, shigo.

Ya duba kwamfutar, ya ce wanda ya zaunar da ram ɗin nan ya iya aiki. Ya waiga bango ya tambaya ina rautar take. Na nuna masa akwatina. Ya daɗe yana kallonsa. Da ma dariya ya yi, da na samu abin riƙewa. Sai kawai ya ce, Maigida, a taimaka mini da makulli. Ya buɗe, ya miƙar da ƙahonnin, ya ce in dubi allo. Sanduna maƙil. Ya tura ƙofar ya rufe, suka zube. Ya sake buɗewa, suka dawo. Ya ce sigina ba ya ratsa ƙarfe, babu abin da ya lalace tun farko.

Maman Gimbiya, ni da nake shiga cikin tankin ƙarfe in yi walda, in fito in tarar ana ta nemana a waya ba a samu ba. Na fi kowa sanin wannan a duniya. Garin neman gira na rasa ido. Injiniya ya shafa bakin akwatin ya yaba haɗin, har ya ce yana so in yi wa shagonsa ƙofa. Ko ruwa bai tsaya sha ba, wai matarsa na jiransa a mota. Mutumin kirki ne, kuma wannan ma haushi yake ba ni. A gabansa na kwance akwatin daga bango.

Abin da ya faru jiya kin ga rabinsa. Kin ga fuskarki na fitowa Gimbiya ta sauka daga kujera ta juya baya. Kin ji kina kiranta da duk sunayen da kike mata, ta fice daga falon. Kin tambaye ni me aka yi mata, na ce ƙuruciya ce. Ba ƙuruciya ba ce. Takardata ta biyu na hannun direba, wataƙila tare za su iso da wannan, za ki ga abin da na gaya mata. Na ce mata ke ce ba ki kira ba. Na faɗa ne don ta bar ni in huta, ita kuwa ta ɗauka ta ajiye. Goggo ta ce ta ji ta tana gaya wa 'yar tsanarta wai Mama ta fi son marasa lafiya da mu.

Rabin da ba ki gani ba shi ne, ba ta yi nisa ba. Tana bayan labulen ƙofar ɗaki, ina hango 'yan yatsun ƙafarta. Duk maganar da kika yi ta ji. Da kika fara kuka labulen ya motsa, na ɗauka za ta fito, sai lokacinku ya ƙare allo ya ɗauke.

Bayan nan na ɗora ta a cinya na gaya mata gaskiya. Na ce Mama ta kira, kowace Asabar ta kira, tana can zaune tana jiranmu. Na ce Baba ne ya sa abin da ke kawo Mama a cikin akwati ya rufe, shi ya sa ba ta iya fitowa ba. Ta riƙa wasa da maɓallin rigata. Can ta ɗago ta dube ni da idanun nan naki ta ce, “To Baba, me Mama ta yi maka ka kulle ta?”

Har yanzu ban ba ta amsa ba. Ke ma in kin tambaye ni ba ni da ita, don ba ki yi mini komai ba.

Ina roƙonki, Asabar mai zuwa ki kira. In ta juya baya kada ki yi shiru, ki ci gaba da magana, ki ɗaga murya yadda za ta kai bayan labule. Fushin kuma ki ajiye mini shi, nawa ne, kada ki raba shi da kowa.

Goggo na gaishe ki. Allah ya tsare mini ke, ya dawo da ke lafiya.

Mijinki,
Baban Gimbiya