Kumburin Ƙafar Riskuwa

Nasarawa, Birnin Kebbi
9 ga Oktoba, 1961

Zuwa ga ɗana Usmanu,

Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka lafiya, Ya tsare ka a bakin aikinka can Kaduna. Mu nan sai godiya. Babanka ya samu sauƙin gwiwar, har yana zuwa fadama duba shinkafa, bana kuwa ruwa bai ci ta ba. Jaririnka na shan nono sosai. Uwarsa ce ba lafiya, kuma saboda ita na ɗauki alƙalami.

Amsar takardata da ka aiko ta iso ranar Asabar. Sau biyu na karanta ta, don ban yarda hannunka ne ba. Bari in sake gaya maka abin da idona ya gani, tunda da alama na farko bai shiga ba. Na je Argungu duba matarka Riskuwa inda take wankan jego a gidan iyayenta. Na iske ƙafafunta sun kumbura, takalmi ba ya shiga, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da matasai, numfashi sama-sama. Na dawo na tafi da maƙwabciyarmu Roda 'yar Jos, ungozomar asibiti. Ta danna ƙafar da yatsa, ramin ya zauna bai taso ba. Ta ce a daina ba ta kunun kanwa, a bar hura wuta ƙarƙashin gadon, a kawo ta asibiti, domin zuciyarta ce ke gajiya. Sai gwaggon Riskuwa, wato Uwa, mai yi mata wankan, ta ce 'yar Jos me ta sani game da jegon Kabawa, wa ma ya san ko a garinsu ana wanka. Matan gidan suka fashe da dariya. Ƙwaryar da Roda ta sha ruwa kuwa, a gabanta aka ware ta gefe. Da na koma jiya, kumburin ya kai gwiwa, kuma na iske ana dama wani kunun.

A kan wannan ne ka rubuto cewa a bar wa Uwa, wai ita ce tamu, ita ta san jikinmu. Tir da wannan magana, Usmanu. Ƙyamarta nake ji har yanzu. Uwa ba muguwa ba ce, amma ban da zumunta, me ka auna ta da shi? Roda shekara huɗu ta yi tana koyon aikin nan, shekara goma sha ɗaya tana yin sa a garin nan. Ita ta juya ɗan ƙanwarka Zainabu da ya zo da ƙafa, kana tsaye a zaure kana sa mata albarka. A ranar ba ka tambayi garinsu ko cocinsu ba.

Kuma kai ne fa, watanni uku da suka wuce, ka cika mini shafi biyu da kuka, wai a ofis an ba wani Bakano kujerar da ta dace da kai, don suna jin harshenka na Kabi suna ɗaukarka baƙauye. Na yi maka kuka a lokacin. Ashe ba zaluncin ne ya dame ka ba, faɗowar da ya yi a kanka ce. Mun yi ta kiɗa bara wai mun samu mulkin kai. In haka ku masu ilimi za ku riƙa auna mutane, kaicon marasa lafiyarmu.

Surukinka ya ce ba zai saki 'yarsa kafin arba'in ba sai da izinin mijinta. Direba Labbo zai miƙa maka wannan hannu da hannu. Kana karantawa ka je gidan waya ka buga tangarahu zuwa Argungu, a ba ni ita. Ranar Juma'a zan shiga mota da Roda, wadda ta yarda ta koma gidan da aka yi mata dariya. In tangarahunka ya riga ni, madalla. In bai zo ba, zan zauna a ƙofar ɗakin Riskuwa, ba mai shiga da kunu sai ya tsallake ni.

Babanka da yayanka Sama'ila da Zainabu suna gaishe ka. Roda ma ta ce a gaishe ka. Ban nuna mata takardarka ba.

Mahaifiyarka,
Aishatu