Ruwa a Rijiya Ta Bakwai

Litinin, 3 ga Maris

Taro a ɗakin sama. Man fetur ɗin da muke haƙowa ya ja baya. Manaja yana so a ninka ruwan da muke turawa ƙarƙashin ƙasa, domin ya koro man zuwa rijiya ta bakwai, wadda ita kaɗai ta rage tana ba da mai tsantsa. Dabarar tana ci a dutsen yashi, inda ruwa ke tafiya bai ɗaya. Namu dutsen kuwa cikinsa duk kogo ne da tsaga, kamar gidan gara. Ruwa malalaci ne: tsaga mafi faɗi zai bi, ya bar man a baya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai yiwuwar sakamakon ya saɓa wa abin da ake fata." Na ba da shawarar a zuba ruwan a hankali daga ƙasa, a rufe rijiyar, a jira man ya taso da kansa.

Manaja ya ce, "Yiwuwa ce dai ko, Injiniya? To, kun ji bai hana ba."

Aka yi dariya, aka kawo shayi.

Alhamis, 6 ga Maris

An ƙara wa famfo ƙarfi. Da ƙyar aka yarda in zuba koren rini a ruwan, domin mu gane shi duk inda ya ɓulla.

Talata, 18 ga Maris

Mai ya ƙaru. Mataimakin Manaja, wanda ya raɗa mini a mota cewa shirin ganganci ne, yau shi ke yanka kek. Ban ci ba. Manaja ya dafa kafaɗata: "Ina yiwuwar nan taka ta maƙale?"

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na ba maiɗakina labarin tana guga. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Baban yara, kai ko gobara ce ta kama labule, cewa za ka yi akwai alamun ɗumi a falo."

Na bayyana mata cewa mai ilimi ba ya yanke hukunci a kan abin da idonsa bai gani ba.

"To, ranar ka tabbata ko ba ka tabbata ba?"

Na tashi na je duba tayar mota.

Laraba, 9 ga Afrilu

Rini ya fito a ta bakwai, kore shar. Kwalbar gwajin da aka ajiye mini a tebur ruwan gishiri ce mai wari, man da ke samanta bai kai kaurin yatsa ba. Rijiyar da ta sha ruwa haka ba ta farfaɗowa. Man yana can cikin kogo, ruwa ya kewaye shi. Ma'aikatanta za a sallama, magidanta ne yawancinsu.

Manaja ya shaida wa hedikwata cewa babu wanda ya yi gargaɗi ƙarara. Abin da ya fi ci mini rai: ba ƙarya ya yi ba.

Litinin, 14 ga Afrilu

Taro kuma. Mataimaki ya kawo shawarar a maimaita shirin a rijiyoyin ɗaya filin namu na gabas, a cike giɓi. Kawuna suka fara gyaɗawa. Manaja ya juyo, yana murmushi: "Injiniya, akwai wata yiwuwar?"

"Babu yiwuwa. Za su mutu, kamar yadda kuka kashe ta bakwai." Na gyara: "Muka kashe."

An ɗage shirin. Ba a kawo shayi ba.

Ina jin gajiya ce kawai. Ba halina ba ne. Da na koma gida maiɗakina ta tambaye ni ko gishirin miya ya yi daidai. Na ce ya yi yawa.

Ta daɗe tana kallona.